Ciyawar da Baba Ya Bari

Zuwa ga Takwarata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya baƙunta, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Ni lafiyata lau, in ban da gwiwar hagu da ke ta mita, sai kunnen nan da kika sani. Saboda shi na ce ki daina kirana a waya, ke kina ihu ni ina "iye?", maƙwabta su kwashe sirrinmu ni ban ji komai ba. Takarda ta fi mini, in karanta in sake karantawa.

Na tare a gidan babanki kamar yadda dangi suka yanke, don kada gida ya zauna ba kowa. Keken ɗinkina na sa shi a ɗakin bakin ƙofa, gaban taga. Takalman babanki suna nan bayan ƙyaure inda ya cire su, na kasa ɗagawa. Ni na goya yaron nan a bayana, ni na koya masa tafiya, ga shi ya riga ni. Allah ya jiƙansa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ciyawarsa ta tsakar gida, wadda yake kira Mai Furfura. Kin san tun ranar da ya dawo da ita daga wata doguwar tafiyarsa ta tuƙi, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, nake yi masa tsiya. Na ce duk duniya nome ciyawa ake yi, ƙanena kaɗai ke shuka ta. Shi ko sai ya yi dariya ya ce in jira ta fitar da farin gashinta. Gaskiya kam in ta fitar tana da kyau, ta fi mutum tsayi, iska na kaɗa ta. Amma ni da nake leƙo gidan nan jefi-jefi in sha shayi in wuce, ban taɓa tambayarsa yadda yake kula da ita ba.

Yanzu rani ya shigo, ta bushe ƙayau, gashin ya koma ruwan ƙasa. Shekaranjiya Baffanki ya zo ya tsaya a kanta yana taɓe baki, ya ce matattarar macizai ce, a tone ta a shafe wurin da siminti kowa ya huta. Na ce masa gidan yana da mai shi, sai na ji daga bakinki. To ga ni ina saurare. Ki riƙa cin abinci, na san halinki in aiki ya yi yawa.

Taki,
Gwaggo

*

Gwaggona,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na ji daɗi ƙwarai da kika tare a gidan. Ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, kuma don Allah ki rage dogon zama a kan keke. Ni ina lafiya, sai dai ma'aikata sun yi mana ƙaranci, a tsaye nake rubuta miki wannan a bakin ɗakin magani kafin a kira ni.

Gwaggo, na roƙe ki, kada ki bari kowa ya taɓa Mai Furfura. Da na karanta maganar Baffa sai da na nemi wuri na zauna. Ban sami ganin Baba ba kafin a binne shi, na iso an riga an dawo. Kayansa duk an raba, motar ma an sayar. Ciyawar nan ita kaɗai ce abu mai rai da ya dasa da hannunsa ya bari. In na sami hutu bayan damina, ina so in shigo gidan in tarar da ita a tsaye da farin gashinta. Shi ne kawai abin da nake tunani in na gaji.

Akwai bayani a kanta, zan rubuto miki a tsanake in na sami sarari. Ki gaishe da Baffa, amma ki ce masa na ce a'a.

'Yarki,
Takwara

*

Zuwa ga Takwarata,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa ta yi sauƙi, ruwan ɗumin ya yi aiki, ashe karatun naki bai tafi a banza ba. Na isar wa Baffanki saƙo, ya kaɗa kai ya ce 'ya'yan zamani, ya tafi.

Ki kwantar da hankalinki, amanarki tana hannuna, kuma har na yi faɗa a kanta. Kin san Kafinta, aminin babanki na ƙarshen layi. Ranar nan da hantsi ina cikin ɗinki sai na hango shi ta taga ya turo baro, ga igiya a kafaɗa, ga lauje, ga shebur, har da gatari. Ya yi sallama ya gaishe ni, ya nufi ciyawar kai tsaye kamar gidan nasa ne. Na fito da sauri na sha gabansa na tambayi ba'asi.

Ya ce, "Yaya, lokacin askinta ya yi. Bana kuma shekarar rabo ce, dubi tsakiyarta ta fara sanƙo."

Rabo fa, Takwara. Da gatari. Nan take na gane Baffanki ne ya zagayo ta bayan gida ya turo shi. Na shiga ɗaki na ɗauko takardarki na nuna masa inda kika rubuta kada kowa ya taɓa. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya ce yarinyar ba shi take nufi ba. Na ce ban ga inda aka cire sunansa ba. Ya dage yana ta bayani, wai kullum shi da marigayi suke yi, ni kuma raina ya riga ya ɓaci. Na ce masa abokinka ko shekara bai yi a ƙasa ba, har ka zo da gatari rabon abin da ya bari.

Na san maganar ta yi nauyi. Ya tsaya yana kallona. Ya mayar da kayansa cikin baro ɗaya bayan ɗaya ya fita. Raina bai so ba, amma gara ya ji haushina da in ci amanarki.

Washegari na buɗe ƙofa na tarar da wani tsohon gwangwanin fenti cike da ƙasa, da ɗan tsurut ɗin ciyawa a ciki an yi mata aski ƙwal-ƙwal. Wato ya nuna mini shi ma yana da irinta, ba kwaɗayin tamu yake ba. Na ce to an gode, na kai shi bayan banɗaki inda ake tara fasassun bulo na yar.

Ita ko Mai Furfura yanzu take ganin gata. Babanki, Allah ya gafarta masa, ashe wahalar da ita yake yi, ƙasar gindinta duk tsakuwa ce. Bokiti biyu nake ba ta da safe, biyu da yamma. Na samo kashin kaji na zuba mata. Ga rana tana ƙuna, don haka na haɗa ragowar ƙyallaye na ɗinka mata rumfa mai kyau na ɗaure a kan sanduna. Masu kawo ɗinki suna ta dariya, wai sun ga ciyawa mai lema. Su yi ta yi.

Ina jiran bayanin da kika ce.

Taki,
Gwaggo

*

Takwara,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Damina ta yi nisa ban ji ɗuriyarki ba. Kullum na ji ƙarar babur ɗin mai kawo wasiƙa sai in bar keke in fito, ya ɗaga mini hannu ya wuce. In laifi na yi miki ki faɗa mini, in ko ciwo ne kada ki ɓoye, na san ku ma'aikatan asibiti ba ku da ciwo sai kun faɗi.

Hankalina ba a kwance yake ba game da ciyawar nan. Da ruwa ya sauka duk ciyayin layi sun yi kore shar, har wadda ke tsirowa a tsagar katanga ba wanda ya gayyace ta. Ita kuwa da nake yi wa hidima, tsohon busasshen ganyen ya jiƙe ya kwanta a kanta, sabon toho ɗan kaɗan ne ya leƙo ta gefe, shi ma rawaya. Na ce ko yunwa ce, na ƙara mata taki. Na ce ko ruwan sama ba ya isar ta saboda rumfa, na ci gaba da ba ta na famfo. Jiya na sa hannu tsakiyarta, ganyen ya biyo ni baƙi ƙirin, yana yauƙi, ga wani wari mai tayar da zuciya.

Sau biyu ina ɗaukar almakashina in tsaya a kanta, sai in tuna abin da kika rubuta in mayar. Kafinta kuwa tun ranar bai sake biyowa ta ƙofar nan ba. An ce mini ta bayan layi yake zagayawa in zai je kasuwa, shi da ƙafarsa ba ta da ƙarfi.

Ki rubuto ko layi biyu ne. Ban san abin da nake yi ba.

Gwaggo

*

Gwaggona,

Ki yafe mini. Lafiyata lau, ba ciwo ba ne, ba kuma fushi ba. An yi mini canjin wurin aiki zuwa wani asibiti, na tashi daga ɗakin da nake haya, takardunki biyu suna can wurin mai gidan a cikin kwando har sai da na koma ɗaukar sauran kayana. A bakin titi na karanta su, na kasa ci gaba da tafiya.

Gwaggo, da na ce kowa, Baffa da simintinsa nake nufi. Ko kusa ban kawo Baba Kafinta a raina ba, don a wurina shi da ciyawar nan tare suke. Laifina ne, da na ƙara layi biyu a takardar nan da duk haka bai faru ba. Na ce zan rubuto bayani, kullum na zauna zan fara sai in ga Baba tsugune a gindinta, in ajiye biron in ce gobe.

Ga yadda suke yi. Duk shekara in rani ya kusa ƙarewa, kafin sabon toho ya fito, sai su ɗaure ta da igiya tamau kamar dami, mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya, ɗaya ya riƙe ɗayan. Sannan a yanke ta da lauje a bar tsawon tafin hannu. Shi ne askin. Tun ina ƙarama ni ke kwashe ganyen, Baba yana sa ni saka riga mai dogon hannu don gefen ganyen yana yanka. In aka bar tsohon ganye a kanta, shi ke danne sabon, ya riƙe ruwa ya ruɓar da ita. Duk bayan shekara uku ko huɗu kuma tsakiyarta takan mutu, sai a tono ta gaba ɗaya a sara saiwar da gatari gida-gida, a yar da mataccen, a mayar da ɓari ɗaya mai rai, sauran a bayar. Saiwar tana da tauri, mutum ɗaya ba ya iyawa. Tsakuwar da kika gani da gangan Baba ya zuba, don ba ta son ruwa ya kwanta mata. Ba ta son taki, ba ta son inuwa. Yakan ce ita rana ce abincinta, in ka cika damun ta sai ta yi fushi.

Don Allah yau ɗin nan ki cire rumfar, ki daina ba ta ruwa, ki janye takin daga gindinta. Sannan ki je wurin Baba Kafinta. Na san abin da wuya, amma mutumin nan shi ya riƙe kan Baba a asibiti lokacin da ni ban nan. Ki ce masa ni na jawo, ina ba shi haƙuri. Ko da tamu ta ƙi tashi, tasa 'yar tamu ce, zai sammana.

Ban ga laifinki ba, Gwaggo. Abin da na ce ki yi kika yi.

'Yarki,
Takwara

*

Takwarata,

Na gaishe ki. Ina lafiya a jiki. Na daɗe ina juya takardar nan kafin in fara.

Ranar da na karanta taki na cire rumfa, na kwashe taki, na kifa bokiti. Amma wurin Kafinta ban je ranar ba, ban je washegari ba. Na ce mace kamata, da furfurata, ba zan je ba da haƙuri hannu rabbana ba. Na ɗauko wani yadi mai kyau da na daɗe ina ajiya na yanka masa riga, don na san awonsa, kafaɗarsu ɗaya da babanki. Na zauna ina yi mata aikin wuya da hannu, in ɗinka in warware. In gaya miki gaskiya, rigar ta ƙare tuni, ƙafata ce ta ƙi tafiya.

Da na je na tarar da ƙofa a buɗe da baƙin fuska a ciki. Matar da ta fito ta ce su 'yan haya ne. Ashe mutumin ya faɗi a shagonsa, ɓarin jikinsa ya mutu, ɗansa ya zo ya tafi da shi can inda yake aiki. Duk layi sun sani sai ni, wataƙila an faɗa a gabana kunnen bai ɗauka ba. Na leƙa tsakar gidan ina neman ciyawarsa. An tone, an shimfiɗa tayil daga bango zuwa bango, an sa igiyar shanya.

Na nemi adireshin ɗan don in aika da rigar da takarda. Kafin in samu, labari ya iso cewa Kafinta ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Maganar ƙarshe da ya ji daga bakina ita ce wadda na rubuta miki, kuma ba ni da inda zan je in janye ta.

Ciyawar na yi mata askin ni kaɗai, na ɗaura bakin igiyar a famfo na ja ɗayan. Hannuna duk ya tsattsage. Na tona gefe da fartanya ina neman saiwa mai rai, duk inda na taɓa baƙi ne, yana marmashewa. Na jira ko wani abu zai leƙo, har damina ta ɗauke. Takwara, Mai Furfura ta mutu. Shekara da shekaru tana shan rana da ƙishi a hannun babanki ba abin da ya same ta, ni na kashe ta da bokiti.

Rigar tana rataye a ƙusa bayan keke. Ba na iya kallonta, ba na kuma iya bayarwa.

Gwaggo

*

Gwaggona,

Allah ya jiƙan Baba Kafinta, ya ba mu haƙuri. Na yi kuka, na kuma rubuta wa ɗansa ta'aziyya a madadinmu duka. Kada ki ɗora wa kanki, mu biyu muka yi, kuma kaso mafi yawa nawa ne.

Ki ce wa Baffa ya zo ya zuba simintinsa. Gara a shafe wurin da in shigo in ga rami. An ba ni hutun, amma ina ganin bana zan yi zamana a nan in huta. Ba don ke ba ne, Gwaggo, gidan ne ban shirya gani ba. Ki kula da hannunki, ki riƙa wankewa da ruwan gishiri.

'Yarki,
Takwara

*

Takwarata,

Ina gaisuwa, hannu ya warke. Kada ki mayar musu da hutun nan tukuna, ki karanta wannan har ƙarshe.

Baffanki ya ce mai siminti zai zo, in share wurin. Na tattara mataccen kututturen a buhu na ja shi zuwa bayan banɗaki, wurin fasassun bulo, inda rabona da leƙawa tun rani. Ina shan kwana wani abu fari ya shafi fuskata. Na ja da baya na ɗaga kai.

Gwangwanin fentin nan ne. Yana nan a karkace yadda na yar da shi. Gindinsa ya yi tsatsa ya ɓule, saiwa ta bi ta nan ta shige cikin tsakuwa. Ciyawar ta kai mini ƙirji, kore shar, ta fitar da gashi fari guda biyar. Ba wanda ya ba ta ruwa, ba wanda ya yi mata rumfa, ba wanda ma ya tuna da ita. Na zauna a kan bulo na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ce ya rasu. Ashe ba gori ya zo yi mini ba. Ya ga abin da zan aikata, ya san ba zan saurare shi ba, ya koma gida da zagina a kunnensa ya sari tasa ya ajiye miki.

Na aika wa Baffanki ya dakatar da mai siminti. Ramin na kwashe baƙar ƙasar na cika shi da tsakuwa da yashi, yana shan rana. Ita kuwa ban taɓa ta ba. Kullum da safe hannuna na ƙaiƙayin bokiti, sai in je in tsaya daga nesa in dube ta in dawo kan kekena. Rumfar na yayyanka ta na tufka igiya, ta yi ƙwari sosai.

Ki zo ki ga gashin kafin ya bushe. In rani ya kusa ƙarewa kuma ki sake neman ko 'yan kwanaki ne, mu yi mata aski mu mayar da ita wurin uwarta, ki nuna mini da hannunki, don na gama aiki da takarda. Ki taho da riga mai dogon hannu. Ke za ki riƙe lauje, ni in riƙe igiya. Ɗaya bakin sai mu ɗaura a famfo, tunda mai riƙewa ni na kore shi.

Taki,
Gwaggo